Labarin Ruwa Ba Sirrin Kamfani Ba Ne

Haɗeja,
Jihar Jigawa.

Zuwa ga 'yata Hauwa'u, uwata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin isa Kano lafiya, kin tarar da Goggonki da yaranta cikin ƙoshin lafiya. Allah ya sa kin shiga garin a sa'a, ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin baki, naki da na mutane. Ni na cusa wasiƙar nan a jakarki da hannuna, saboda haka kada ki tuhumi kowa.

Labarin gida ba zan ba ki ba, yanzu kika baro shi, akuyar Innarki ma ba ta kai ga haihuwa ba. Maganar shafinki ce ta sa na ɗauki biro.

Ranar da kika dawo daga ganawa da mutanen kamfanin shinkafar da suka ɗauke ki aiki, kin same ni a zaure kika ce, "Baba, sun ga shafina na intanet. Sun ce ba sa son ma'aikaci mai rubuce-rubuce, wai yana iya fallasa musu sirri ko ya ɓata musu suna. Ni dai zan rufe shi kawai in huta." Innarki ta leƙo daga tsakar gida ta ce, "Malam, ka ce mata ta rufe abin nan. Mutane nawa ke yawo da takardu babu aiki?" Ni kuwa na ce to, Allah ya zaɓa mana mafi alheri, na ci gaba da jan carbina. Kin ɗauka na yarda ne. Ban yarda ba, Uwata. Amsar da nake da ita ce ta fi ƙarfin in faɗa ina kallon idonki.

Na san abin da shafin nan yake. Tun kina makarantar koyon aikin gona kika buɗe shi, muna yi miki dariya muna cewa kin zama gidan rediyon fadama. Yau ga shi mutanen ƙauyukan da ke sama da mu suna turo miki hoton inda kogi ya kai, ke kuma ki sa, na ƙasa su gani su shirya. In tsuntsayen jan-baki suka sauka a wani yanki, a wurinki ake fara ji. In ciyawar kacalla ta toshe hanyar ruwa, ke ce mai kwarmatawa. Wannan ne abin da kike cewa za ki rufe ki huta.

Amma kafin in ce miki kada ki rufe, bari in fara tsaya wa kamfanin. Tsoronsu ba na banza ba ne, kuma babu wanda ya fi ubanki sanin haka, domin ni kaina na taɓa zama abin da suke tsoro.

Kin san na yi shekaru ina aiki a babbar gonar nan ta wani kamfani da ke fadama, ina kula da 'yan ƙwadago, daga baya aka haɗa min da sito. A lokacin babu wayoyin nan naku. Shafinmu shi ne teburin Ɗanlami mai shayi. Wata safiya ina zaune ina jiƙa burodi, sai wani ya tsokane ni ya ce, "Haruna, ku ai 'yan kallo ne a kamfanin nan. Buɗe ƙofa da rufe ƙofa, ban da shi me kuka sani?" Kin san halina, ba a taɓa ni a nan. Na ajiye kofi na ce, "Ni ne ɗan kallo? To bari ka ji. Ranar kasuwa mai zuwa motocinmu wajen Miga za su nufa, duk shinkafar da ta fito za mu kwashe." Na ji maganar ne ta ƙofar ofishin manaja, ba ma da ni ake yi ba. Aka ce kai, lallai Haruna na ciki ne. Na sha shayina ina jin kaina a sama.

A ƙarshen bencin akwai wani bawan Allah da ke ta hura shayinsa. Ashe ɗan baranda ne, cikin masu tare kaya kafin su iso kasuwa. Tun kafin ranar ta zo shi da abokansa sun bi ƙauyukan gida-gida sun saye komai. Motocinmu suka je suka dawo wayam, sai ƙura. Manaja ya sa aka kira ni, ya dube ni ya ce, "Malam Haruna, bakinka ya riga motocinmu isa kasuwa." Aka ce in je gida in huta sai an neme ni. Innarki ta ce ita dai ba ta roƙi a ba ta miji mai yini a gida ba.

To ki duba. Teburin Ɗanlami bai fi ya ɗauki mutanen da za su cika benci biyu ba, amma ya mayar da motoci fanko. Naki shafin kuwa masu karanta shi kasuwar Haɗeja ba za ta ɗauke su ba, kuma ba ki san wa ke hura shayi a ƙarshen benci ba. Magana zarar bunu ce, an ce, to rubutu ya fi ta, don shi ko kin goge wani ya riga ya adana. Abin da kika ji a ofis saboda an yarda da ke, na ofis ne: inda za a sayi kaya, farashin da za a saya, wanda ake ciniki da shi, injin da ya lalace. Kuma ki kula da masu tsokana. Ba kasafai ake fasa sirri don mugunta ba, yawanci don a nuna ana ciki ne. In wani ya rubuto miki cewa ke ai 'yar kallo ce a kamfanin, ki ce masa haka ne, ki wuce.

Kuskurena na biyu, bayan an mayar da ni aiki, shi ma abin dariya ne, in ban da abin da ya jawo. Yayanki Sani ya saya min babbar waya, ni kuma na ɗinka sabuwar hula, sai na ga bai kamata duniya ta rasa ganin haɗin nan ba. Na tsaya a ƙofar sito na sa aka ɗauke ni hoto, na tura zauren waya na 'yan unguwarmu. Ban lura ba ashe a bayana akwai wasu buhunan da rufi ya yi wa yoyo, sun yi baƙi, mun ware su gefe za a zubar. Kafin azahar hoton ya bar unguwa, ya bar gari, wani ya liƙa masa rubutu cewa ga irin shinkafar da suke sayar muku. Wani babban mai saye ya bugo wa manaja waya daga Kano yana faɗa. Sai da aka kai shi siton ya gani da idonsa kafin ya sauko. Hular kuwa ko mutum ɗaya bai yaba ba.

Manaja bai kore ni ba, amma ya tara mu duka ya ce daga yau duk wanda ya fitar da maganar gonar nan, ta baki ko ta waya, ya ɗauki tabarmarsa. Ina tsaye kowa na satar kallona, an san da wa ake. Saboda haka in za ki ɗauki hoto, ki waiga ki ga abin da ke bayanki kafin ki gyara ɗankwali. A cikin harabar kamfani ma kada ki ɗauka sam. Ranar da wani na sama da ke ya ɓata miki rai, kuma za a yi ranar, ki ba Goggonki ajiyar wayar har ki huce.

Yanzu na zo kan wadda ta sa na rubuto.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Bayan waɗannan biyun na ɗinke bakina. Ko tambayata aka yi ƙarfe nawa aka tashi aiki sai in ce Allah masani. Ina ganin na yi hankali ke nan, har ina yi wa sababbin ma'aikata huɗuba a kan riƙon amana.

Kin tashi kin tarar da al'adarmu ta mutanen bakin kogi, amma bari in faɗa miki ita yadda mahaifina ya faɗa min. Labarin ruwa ba shi da mai shi. Wanda ya fara ganin kogi ya sauya launi ko ya hau gaɓa, wajibi ne ya aika wa na ƙasa da shi, shi ma ya aika gaba. Ko da mutumin da ba kwa ga-maciji ne, za ka tsaya a ƙofar gidansa ka ce ruwa na tafe, sannan ka ci gaba da gabarka. Na ga mutanen da shari'ar gona ta raba suna yi wa juna wannan. A kan haka kakanninmu suka iya zama a wurin da ruwa ke ciyar da mutum bana ya kwashe shi baɗi.

Kin san Malam Bukar, maƙwabcinmu, wanda kakanninsa suka taso daga wajen tafkin Chadi. Kin san muna gaisawa, amma ba ki taɓa ganin ya zauna a zaurena ba, kuma ba ki taɓa tambaya ba, Allah ya yi miki albarka. Da can ba haka muke ba. Tare muka yi karatun allo, tare muka koyi iyo. Duk shekara in ya yanke shinkafarsa, ƙwaryar farko gidanmu take zuwa don ɗanɗano, mu ma tamu ta farko gidansa take zuwa.

Wata shekara, kina makarantar kwana a lokacin, shinkafa ta nuna ana shirin yanka, sai aka bugo wa manaja waya cewa an saki ruwa daga madatsun da ke can sama, yana tafe da ƙarfi, kwanaki kaɗan suka rage. Ya kira mu mu 'yan kaɗan ya rufe ƙofa. Ya ce, "Kada wanda ya ji. In 'yan ƙwadago suka sani, kowa gonarsa zai gudu, tamu ta nutse. Mu gama yanke tamu tukuna, sannan a faɗa." Ya dube ni musamman ya ce, "Malam Haruna, ka ji ko?" Na ce na ji, ranka ya daɗe.

A ranar, bayan sallar la'asar, muna fitowa daga masallaci Malam Bukar ya riƙo hannuna. Ya ce, "Haruna, ku da kuke kusa da masu waya da manya, ya labarin ruwa? Ina so in bar tawa ta ƙara ƙosawa kaɗan, amma gabana na faɗuwa." Gonarsa tana can ƙasa, a kwari, inda ruwa ke fara kwanciya. 'Ya'yansa biyu magidanta kuma suna cikin 'yan ƙwadagon da nake kula da su, suna yanke shinkafar kamfani.

Na ce masa, "Sai abin da Allah ya yi, Malam Bukar."

Ban yi ƙarya ba, haka na yi ta gaya wa kaina a hanyar gida. Ya saki hannuna ya ce, "Haka ne, Allah ya sa mu ji alheri."

Muka gama yanke ta kamfani, muka ɗaga jingar da ta kewaye gonar. Kafin a ce a faɗa, ruwa ya faɗa da kansa. Da safe na je bakin fadama na hango Malam Bukar a cikin kwalekwale shi da 'ya'yansa, suna zura hannu cikin ruwa da lauje suna lalubo kan shinkafa. Abin da suka tsamo bai kai su ko'ina ba, rabinsa ma ya tsiro kafin ya bushe. A shekarar ya sayar da shanun nomansa, babban ɗansa kuma ya tafi ci-rani kudu, har yau can yake.

Magana ba ta ɓuya a garin nan. Da ya ji cewa na sani, bai zo da faɗa ba, da ma ya zo. Mun haɗu a hanyar kasuwa ya tsaya ya ce, "Na tambaye ka fa, Haruna." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na je gidansa neman gafara, ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe, don ba ya faɗin abin da ba ya nufi. Amma daga shekarar ƙwaryarsa ba ta sake shigowa gidanmu ba. Tamu in ta je, a karɓa a yi godiya, shi ke nan.

Abin da ya fi ci min rai, Uwata, shi ne ko gwadawa ban yi ba. Ban buɗe baki na ce wa manaja, ranka ya daɗe, sirrin sito naka ne, amma wannan ba naka ba ne, bari a raba mutane biyu, rabi su yanke taka rabi su je tasu. Mutumin nan baƙo ne, bai san al'adarmu ba, kuma ba azzalumi ba ne, tsoro ne ya kama shi kamar yadda ya kama ni. Wataƙila da ya ji. In ma bai ji ba, da na san na faɗa. Ni da na san al'adar, ni na yi shiru, saboda an taɓa kama ni da surutu sai na kasa bambance maganar da ake riƙewa da wadda riƙe ta zalunci ne.

To ga shawarata, kuma ina ba ki ita da ƙarfin gwiwa.

Kada ki rufe shafin, kuma kada ki ɓoye shi ki sauya suna kina yi a asirce. Abin da aka yi a ɓoye, ranar da aka gano shi laifi yake zama ko da alheri ne. Ranar farko da kika shiga ofis, ki nemi ganin shugabar sashenku, wadda kika ce ita ta yi miki maganar. Ki gaishe ta da ladabi, ki buɗe wayarki ki miƙa mata da hannunki, ta karanta duk abin da kika taɓa rubutawa. Ki ce mata kin fahimci abin da suke gudu, mahaifinki ma ya taɓa mayar da motoci fanko da bakinsa. Na ba ki izini ki ba ta labarin, har da na hular, in zai sa ta yi dariya. Sannan ki yi mata alkawari a fili: sunan kamfani ba zai fito a shafin ba, ba za a gan ki a ciki da rigarsu ba, ba za ki taɓa maganar cinikinsu ba, ba za ki yi rubutu a lokacin aikinsu ba. In suna so su riƙa leƙawa, ƙofa a buɗe take, ai don a karanta aka yi shi.

Amma ki gaya mata tun ranar, tun ruwa bai zo ba, cewa akwai abu ɗaya da ba za ki riƙe ba. In kin ji ruwa na tafe, za ki faɗa, ko daga bakin wa kika ji. Irin wannan magana da rani ake yin ta, lokacin da kowa hankalinsa a kwance yake. Ni na bari sai da aka rufe ƙofa aka dube ni, a lokacin kuwa harshe ya riga ya yi nauyi.

Ina kyautata zaton za su yarda. Masu kamfani ba mahaukata ba ne, abin da ba su sani ba shi suke tsoro. Shinkafar da injinsu ke cashewa a Kano daga gonakin mutanen da ke karanta ki take fitowa, kuma wadda ta nutse ba ta cika mota. In kika nuna musu haka a hankali, ba da ɗaga murya ba, za su ga cewa shafinki ba abokin gabarsu ba ne. In shugabar ta ce sai ta tambayi na sama, ki ba ta lokaci, kada ki yi gaggawar fushi. Kin fi ni iya magana, kin gaji Innarki.

In kuma bayan duk wannan suka ce a'a, ko shafin ko aikin, to ɗakinki na nan ba a zuba masa buhuna ba. Wanda ya ba ki wannan aikin bai gaji da bayarwa ba. Innarki za ta yi min faɗa, na sani, na kuma shirya kunnuwana. Na riƙe aikina a waccan shekarar har na yi ritaya lafiya, kuma ina gaya miki bai kai abin da na bayar a kansa ba.

Ƙari ɗaya. Yanzu kin yi nisa da kogi, da idon wasu za ki riƙa gani. Kada ki sa labarin ruwa sai kin tabbatar daga bakin wanda ya tsaya a gaɓa ya gani, kin kuma ji daga wani dabam. In kika ce yana tafe bai zo ba, mutane za su yanke shinkafa ɗanya su yi asara, gobe kuma in kin faɗi gaskiya babu mai motsawa. Yardar da suka ba ki ita ce jarinki, ki riƙe ta da kyau.

Yanzu ki zura hannu ƙasan jakarki, gefen da Innarki ta sa kuka da daddawa. Za ki ji wani ƙulli a cikin farin ƙyalle. Shinkafa ce sabuwa.

Kin tuna a daminar nan da kika sa hoton kogi daga ƙauyukan sama, kika rubuta cewa duk mai gona a kwari ya yanke kada ya jira? Malam Bukar ba ya karatun boko, ƙaramin ɗansa ne ya karanta masa. A ranar suka shiga gona. Ruwa ya zo ya tarar da kara kawai. Jiya da yamma, kina can kina sallama da dangi, aka yi sallama a ƙofar gida. Na fita na tarar da shi da kansa, riƙe da ƙwarya an rufe da faifai. Ya miƙo min ya ce, "A ba Hauwa'u. A ce mata ta ɗanɗana." Ya juya ya tafi. Na shiga da ita, Innarki na ganin ƙwaryar ta gane ta, ta zauna a bakin murhu ta rufe fuska da mayafi.

Ba ni aka kawo wa ba, ke aka kawo wa, shi ya sa ko ƙwaya ban taɓa ba. Ki dafa ta ki ci kafin ki je ofishin nan.

Allah ya tsare min ke a fita da shiga, ya haɗa ki da shugabanni masu adalci da abokan aiki na gari. Allah ya ba ki ikon riƙe abin da ya kamata a riƙe, ya buɗe bakinki a inda shiru zai cuci wani. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki yi wa Goggonki biyayya, ki gaishe min da ita da maigidanta. Innarki na gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci.

Ƙwaryar Malam Bukar tana nan a zaure. Kin san ba a mayar da ita wofi, kuma bana ni zan kai da ƙafata, ba aike ba. Ina jiran wayarki ne kawai, domin in na je ya tambaye ni ya labarin ruwa, ina so in sami abin da zan gaya masa.

Wassalam.

Mahaifinki,
Haruna